Muhandisin Gidan Kawu

Alkasim mutumin Madawa ne. Ilimin ƙasar noma ya karanta a Yamai, ya yi shekaru yana aiki da ma'aikatar gandun daji. Shi ne mai haƙa rami ya duba hawa-hawan ƙasa, ya ce nan bagaruwa za ta kama, can kuwa kada a yi asarar iri. Bai taɓa kama kowa ba. Amma a wajen mutanen ƙauye, duk wanda ya sauko daga motar gandun daji mai ƙwace gatari ne.

Wani kamfani ne ya kawo shi Jidda, bayan shekarar dubu biyu da kaɗan. Kamfanin ya samu kwangilar dasa itatuwa a wani filin gwamnati gabas da birni, inda ake ban ruwa da ruwan da aka tace. Kamfanin ne kafilinsa mai tsaya masa, iƙamarsa ta izinin zama kuma lafiya lau. An ba shi makwanci a wurin aikin, amma kunnensa ya yi kewar Hausa, sai ya kama ɗaki a unguwar Ruwais, a wani tsohon gida da wani dattijo ɗan Chadi, Kawu, yake kula da shi. Yawancin mutanen gidan da umara suka shigo suka zauna, ba mai takarda.

Ranar da ya tare, wani ɗan dako mai suna Isha'aku ya tsaya yana kallonsa a tsakar gida.

"Malam, kamar na san fuskar nan. Ba kai ne kake zuwa dajin wajenmu da motar gwamnati ba?"

"Ni ne. Ƙasa nake aunawa."

"To, madalla," in ji Isha'aku. Kafin magariba kowa a gidan ya ji cewa an kawo ɗan gwamnati.

Suka sa masa suna Muhandis, wato injiniya. Suna gaishe shi, amma in ya shigo hira takan koma kan zafin gari. Kullum da safe farar mota mai tambarin kamfani takan tsaya a ƙofar gida, direban, wani matashi haifaffen Jidda mai suna Jabiru, yana danna oda yana cewa da Larabci, "Yalla ya ammi!", wato mu tafi, baffa. Mata sukan ja yara ciki har sai motar ta ɓace.

Sai kuma maganar ƙasa. Alkasim yakan dawo da ita cikin ƙananan ledoji, ya hau saman gida ya shanya a kan jarida, ya niƙa, ya tankaɗe. Uwani, matar Isha'aku, mai sayar da waina a kasuwar Bab Makka, ta hau shanya wata rana ta tarar da shi tsugune a gaban tsibi-tsibin ƙasa, ja da fara da mai toka-toka.

"Muhandis, wannan ƙasar ina ce?"

"Ta wurin aikinmu ce, Hajiya."

"Ba dai kusa da maƙabarta ba?"

Ya fahimci inda ta dosa, ga shi zargin sihiri a garin nan ba abin wasa ba ne. Ya jiƙa ƙasar ya murza ta a tafin hannu, ya nuna mata wadda ta yi igiya saboda yumɓu da wadda ta wargaje saboda rairayi. Ya ɗanɗana farar, ya ce gishiri ne ya taso, shi yake ƙona saiwar magarya. Uwani ta kalle shi yana lasar ƙasa, ta kwashe kayanta tun ba su bushe ba ta sauka.

A shekara ta uku kamfanin ya tura shi duwatsun wajen Ɗa'ifa ya duba ƙasar wani daji da itatuwansa suke bushewa daga sama. Yana can jami'an jawazat, masu kamen marasa takarda, suka kai samame gidan da hantsi. Suka kwashe maza da yawa, har da Isha'aku. Uwani ta tsira ne don tana kasuwa.

Da ya dawo ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ɗakinsa yana nan a kulle yadda ya bar shi, alhali an ɓalle ƙofofin da suke kusa da shi. Kawu ne kaɗai ya yi masa magana.

"Ka yi sa'ar tafiya, Muhandis."

"Aiki ne ya kai ni, Kawu."

"Na ce wani abu ne?"

Alkasim ya san ba shi ne ya tona asirin gidan ba, don haka ya shiga neman ko wane ne. Ya lura cewa Kawun ma ba ya gida ranar, wai ya je asibiti, kuma ba a ga magani a hannunsa ba. Ya tuna mai kantin bakin layi da suka yi cacar baki da Isha'aku a kan ajiye amalanke. Har wata bazawara da ta bar gidan ana saura mako a kai samamen ya sa a lissafi. Ya koma mai kasa kunne a bayan ƙyaure, in ya ji an yi ƙasa da murya ya tsaya cak da buta a hannu. Mutanen gidan suka ga haka, suka ce to ga shi nan, dama sun faɗa.

Bayan watanni, suna hanyar aiki, Jabiru ya yi dariya ya ce, "Wallah ya ammi, gidanku ya yi shiru yanzu. Na taɓa gaya wa wani sadiƙi na, abokina ne askari, wato ɗan sanda, na ce gidan da nake ɗaukar muhandis, in ka ga mutanen da ke fitowa sai ka ce jirgi ne ya sauka."

"Yaushe ka gaya masa?"

"Ma adri, ban sani ba, da daɗewa. Hira ce kawai. Shi a sashen kula da motoci yake, ba ruwansa da jawazat. Khalas, ya wuce, kada ka sa a ranka."

Alkasim ya dubi gefen fuskar Jabiru har suka isa, bai iya gane ko wauta ce ko wayo ba. Ranar ya haƙa ramukansa, ya auna gishiri, ya maimaita awo ɗaya har sau nawa don hankalinsa ba ya wurin. Daga ranar ya ce a riƙa ɗaukarsa a bakin babban titi.

Da Juma'a ya je Bab Makka ya sami Uwani a gaban tandarta, ya tsuguna ya faɗa mata abin da ya ji, bai rage komai ba. Ta juya wainarta, ta kwashe, sannan ta ɗago.

"Me ya sa kake gaya mini yanzu? Wa ya aiko ka?"

Ya tashi ya tafi.

Bai bar gidan ba, don ya ga in ya tashi ya tabbatar musu. Isha'aku ya dawo bayan shekara biyu da wata sabuwar umarar, ya rame, ya ba Alkasim hannu kamar kowa, bai taɓa tayar da maganar ba. A filin gwamnati kuwa itacen dogon yaro ya kama a inda Alkasim ya sa aka yi magudanai, magaryar gangare ta mutu duk da haka.

Kwangila ta ƙare a dubu biyu da goma sha ɗaya. Ana gobe zai tafi, Isha'aku ya kawo masa wani ƙulli ɗinke da baƙin zare, ya ce don Allah a kai wa ƙanensa a Madawa, turare ne da dabino da jallabiya. Alkasim ya karɓa da hannu biyu. Da ya rufe ƙofa, gudun kada a ce tarko aka ɗana masa, ya warware ɗinkin, ya zazzage komai, ya fasa dabinon ya duba, ya shinshina kwalaben. Turare ne da dabino da jallabiya. Ya nemo allura da farin zaren da ya samu ya mayar da ɗinkin yadda ya iya.

A Madawa, yana miƙa ƙullin, wayar ƙanen ta yi ƙara. Alkasim yana tsaye yana jin muryar Isha'aku daga Jidda tana tambaya ko zaren ɗinkin baƙi ne ko fari.