Safar Hannu Mai Waya

Ƙarar cokali ce a kan daɓe. Maigidana Malam ya dawo daga kai kaya a moto, wato babur, ya zauna shan kunu, cokalin ya suɓuce masa, don sanyin Lyon ya sandarar da yatsunsa. Ba wannan ya fi ci mini rai ba. 'Yarmu mai shekara huɗu ta fara ɓuya a bayan zanena in ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Sai ya yi dariya, amma na ga idonsa.

Da ya je Paris sarin kaya, wani Alhaji a unguwar Belleville ya haɗa shi da safar hannu da falmaran masu waya a ciki, ana jona su da baterin moto su yi ɗumi. Wayyo murna! Malam bai tsaya nan ba, ya ƙaro ɗan ƙarfen dafa ruwa da ake tsomawa a buta, wai don alwala a hanya.

Ran Asabar da hantsi muka sauko ƙasan benenmu a Rillieux, gefen Lyon, har maƙwabta na leƙowa ta taga. Ya yi bisimilla, ya tada moto, ya kunna fitila, ya jona komai.

"Taɓa ki ji!" in ji shi.

Na taɓa. Ɗumi kamar tuwon da aka kwashe yanzu! Ina cikin hamdala fitila ta yi ja, moto ya yi tari biyu, ya mutu. Ruwan butar ko motsi bai yi ba.

Wani tsoho maƙwabcinmu, makanike, ya sauko yana dariya. "Malam, dinamon da ke ba motonka wuta tukunyar mutum uku ce, ka gayyato unguwa! Inji na ci, fitila na ci. Saura loma ɗaya: hannu ko ƙirji?"

Malam ya tsaya kallon butarsa.

"Hannu," na ce, tun bai buɗe baki ba. "Ƙirji ka bar mini. Ruwan alwala kuma ga falas."

Su biyu suka tura moto har ya tashi. Ni kuwa na yanka tsohon bargo, na ɗinka shi cikin rigarsa, ninki biyu.

Ran Litinin da la'asar na ji tsayuwarsa. Ya yi sallama, ya cire safar, ya durƙusa ya miƙa wa 'yarmu hannu. Ta taɓa da ɗan yatsa ɗaya tukuna. Sai ta kama hannun duka ta ɗora a kumatunta, ta waigo ni.

"Inna, yau hannun Baba bai cije ni ba!"