Maharazu Mai Makulli da Bindigar Sintiri

Duk wanda ya taɓa batar da makulli a Dukawuya ya san Malam Maharazu, kuma ya san ba a zuwa wurinsa da gaggawa. Kafin ya yanka maka makulli sai ya yi maka tambayoyin da ko alƙali ba ya yi: na wace ƙofa ne, wa ya aiko ka, ina mai ɗakin, me ya hana shi zuwa da ƙafarsa. Yana tambaya yana kallon hannunka. Idan ka sosa ƙeya sau ɗaya, shi ke nan, ɗauki makullinka ka ƙara gaba.

Sana'ar gado ce. A gindin teburin mahaifinsa ya tashi, can wajen Ƙofar Mata, tun ana gyaran kwaɗo da zarto da haƙuri, kafin injin yanka ya zo. Yana yaro ya ga wadda ta kawo hoton makulli a danne a jikin sabulu, ya ga ɗan da ya kwafi makullin shagon ubansa ya kwashe kaya. Wasu yaran suna ganin irin wannan su manta. Shi Maharazu bai manta ko ɗaya ba, da su ya girma.

Matarsa Mero ce ta fi kowa shan wannan hali. Idan miya ta yi daɗi sai ya ajiye cokali ya ce, "Me kike so a saya miki?" Idan maƙwabci ya gaishe shi sau biyu a yini, sai ya shigo gida ya duba katanga. Amma ba mugu ba ne, wallahi. Yana da kyauta, yana da zumunci, idan an yi rasuwa shi ne na farko a maƙabarta. Zargi ne kawai ya zame masa kamar tari, ba ya iya riƙe shi.

Shekarar da ƙwacen waya ya yi ƙamari a birni, abin ya faɗo kansa. Rana tsaka yana cikin adaidaita sahu, wasu samari biyu suka shigo suka sa shi a tsakiya. Kafin ya ankara sun zaro wuƙa. Ya riƙe wayar, suka yanke shi a hannun hagu, yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasuwa. Amma ba ciwon ne ya fi cin sa ba. Tun da yaran suka shigo ransa bai kwanta da su ba, sai ya tuna faɗan da Mero ke yi masa, ya ce wa kansa ya daina zargin bayin Allah. Daga ranar ya rantse ba zai ƙara yi wa zuciyarsa gardama ba.

Da ya warke ya ɗauko teburinsa ya dawo da shi bakin lungunsu, ya kuma shiga ƙungiyar 'yan sintirin unguwa. Shugabansu Baba Mustapha ne, wani dattijon Babarbare da kakanninsa suka zo Kano karatu suka zauna, shi kuma ya yi ƙuruciyarsa a farauta. Bindigar toka biyu ƙungiyar ke da su, kuma Baba yana da tsarinsa a kansu. Sabon shiga gora zai riƙe. Idan ya daɗe, sai a ba shi bindiga ya rataya a fili kowa ya gani, amma babu komai a cikinta. Albarushi kuwa sai ranar da Baba ya ga mutum ya isa.

Maharazu ya riƙe gora har ya gaji, sannan aka ba shi bindigar.

"Baba, yaushe ake sanin mutum ya isa?" ya tambaya.

"Ni nake sani."

"Da me ake ganewa?"

Baba Mustapha ya dube shi ya ce, "Ina kallon yadda mutum yake idan an ɓata masa rai bindiga tana kafaɗarsa. Kai dai rataya ka yi ta yawo, Maharazu."

Ya rataya, amma zuciyarsa ta fara aikinta. Me ya sa Kabiru tela, wanda suka shiga ƙungiya tare, aka ba shi albarushi tuntuni? Ko don matarsa 'yar'uwar Baba ce? Ko wani ne ya kai sukarsa? Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne unguwa duk ta san tsarin Baba. Umar mai shayi kullum sai ya tsokane shi: "Malam, ara mini muciyar nan mana in tuƙa tuwo." Mutane su yi dariya, shi kuwa ya riƙa duba fuskokinsu yana neman wanda zai kai wa ɓarayi labarin cewa bindigar Maharazu fanko ce. Ya lissafa ya lissafa, ya ga ai rataya bindiga marar komai kiran mutuwa ne.

Wata ranar kasuwa ya tafi ƙauye, ya nemi wani maharbi ya sayo albarushi da harsashi. Ya dawo ya shige ɗaki, ya tura ƙofa, ya ɗura bindigar. Bai gaya wa Baba ba, bai gaya wa Mero ba. Shi ya yanke wa kansa hukunci cewa ya isa. Daga ranar tafiyarsa ta sauya, idan Umar ya yi tsokanarsa sai kawai ya yi murmushi.

A cikin lungun nan akwai wata tsohuwa, Iya 'Yardada, wadda ita ma wajen tsoron ɓarayi ba ta da na biyu. Ƙofar ɗakinta ta ƙarfe ce, kuma ko barcin rana za ta yi sai ta murɗa makulli ta ciki ta zare shi ta sa ƙarƙashin matashi. Jikanta Naziru, ɗan 'yarta da ta yi aure a Kaduna, ya zo ya zauna a shagon zaurenta yana neman aiki. Dogon saurayi ne, marar yawan magana, kullum da hular sanyi ko ana zafi. Wannan hular kaɗai ta isa Maharazu ya sa masa ido.

Rannan Naziru ya zo teburin, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa makulli.

"Baba, kwafinsa nake so. Na ɗakin Iya ne."

"Ita ta aiko ka?"

"A'a. Tana salla na ɗauko. Ba za ta yarda ba ne, kuma tana da hawan jini. Kwanaki ta faɗi a ciki, da kyar ta ja jiki ta buɗe mana."

Maharazu ya juya makullin, ya ajiye masa a kan tebur. "Kowa da labarin kakarsa yake zuwa nan. Jika ai ya fi ɓarawon waje sanin inda ake ajiya. Je ka zo da ita."

Naziru ya ɗauki makullin ya tafi. A ƙa'idar sana'a Maharazu bai yi laifi ba. Sai dai daga ranar ya gama yanke wa yaron hukunci. Idan ya ga ya tsaya a bakin lungu yana danna waya, ya ce 'yan'uwansa yake kira. Idan ya gaishe shi, ya ce auna shi yake yi. Har ya ce wa Mero, "Yaron nan ya ƙullace ni. Ki sa ido, wata rana zai zo mini."

Mero ta ce, "Malam, kai kuma wa ya sa maka ido?" Ya ɗauka wasa take yi.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar, yara suna dawowa daga Islamiyya, Maharazu na zaune a teburinsa da bindigar a kafaɗa. Sai ya ji ihun mata daga cikin lungu. Ya miƙe. Naziru ne ya ɓullo a guje, ba takalmi, hula ta faɗi, hannunsa riƙe da adda, kuma shi ya nufo kai tsaye.

Maharazu bai ji tsoro ba. Abin da ya ji, Allah ya yafe masa, daɗi ne, irin na mutumin da maganarsa ta tabbata. Ya sauke bindigar, ya ɗora a kafaɗa, ya saita maɓallin rigar yaron na biyu daga sama. Ya ja kunamar.

Ta ce ƙas. Ba wuta, ba hayaƙi. Cikin ihun nan babu wanda ya ji sai shi.

Naziru ya iso ya ture bakin bindigar kamar wanda ya ture labule, ya kama hannunsa. "Baba, zo ka buɗe mana! Iya ta faɗi a ɗaki, muna jin numfashinta. Na yi ta ɓanɓarar ƙofar da addar nan ta ƙi."

Yadda ya kwashi kayan aikinsa ya bi yaron, Maharazu bai sani ba. Yatsun nan biyu suna ba shi wahala, amma kwaɗon bai gagare shi ba. Aka tarar da Iya 'Yardada a ƙasa kusa da gado. Aka sa ta a adaidaita sahu aka yi asibiti da ita, Allah ya sa da sauran kwananta.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, kuma ba yadda ya faru aka ba da shi ba. Waɗanda suka gani cewa suka yi Malam Maharazu ya ɗaga bindiga, ya ga mutum da adda ya nufo shi, amma ya daure ya tsaya ya ji ta bakinsa. Umar mai shayi da kansa ya ce ya janye maganar muciya.

Shi kuwa ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya kifa bakin bindigar ƙasa ya bubbuga. Wani baƙin caɓi ya zubo, jiƙe sharkaf. Ya zauna yana kallonsa. Maharbin ƙauye ne ya cuce shi? A'a, a bushe ya ɗura shi. Baba ne ya gano ya sa aka yi masa haka? Ko Kabiru? Ko shi Nazirun ne ya haura katanga ya jiƙa ta don ya samu damar zuwa masa? Har ya fara bin wannan hanyar, sai ya ji kunyar kansa ta kama shi.

Mero ta turo ƙofa ta shigo da buta a hannu. Ta dubi caɓin, ta dube shi.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Malam. Ni ce. Tun ranar da ka dawo daga ƙauye kana warin albarushi, kullum ka fita sallar asuba sai na tsiyaya mata ruwa."

"Da ɓarayin gaske ne suka zo fa? Da kin kashe ni."

"Na yi wannan tunanin, na yi kuka a kansa," in ji ta. "Amma ni na san wanda nake aure. Mutumin da bai yarda da miyata ba, ban ga wanda zai tsira a gabansa ba idan yana da wuta a kafaɗa." Sannan ta tambaya a hankali, "Ka ja ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ajiye butar ta zauna a ƙasa, ta rufe fuskarta da mayafi.

Washegari bayan la'asar Baba Mustapha ya tara 'yan ƙungiya a ƙofar gidansa. Ya fito da ɗan ƙahon da yake zuba albarushi, ya ce jiya ya ga abin da yake jira. Ko da bindigar ba ta da komai, in ji shi, yatsan mai tsoro ja yake yi, shi kuwa Maharazu ya tsaya. Ya miƙa masa ƙahon a gaban kowa.

Abin da ya daɗe yana nema ke nan, kuma babu mai iya ƙaryata shi. Maharazu ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya kwantar da ita a kan tabarma a gaban dattijon.

"Baba, na ja."

Baba ya ce, "To, Allah ya sa fanko ce."

"Ba fanko ba ce. Ni na ɗura ta a ɓoye. Maiɗakina ce ta jiƙa ta."

Baba Mustapha ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da ƙahon aljihu. Ya ce wa sauran maganar nan kada ta wuce tabarmar nan, don yaron da kakarsa. Ya sa aka ɗauko gora ya ba shi, Maharazu ya karɓa da hannu biyu.

Har yau yana nan a bakin lungu da teburinsa, kuma kada ka ɗauka ya daina tambayoyi, bai daina ba. Da Iya 'Yardada ta dawo daga asibiti shi ya je da ƙafarsa ya lallashe ta, ya yanka wa jikanta makulli. Naziru ya samu aiki a wani kamfani, kuma ba ya wucewa da safe sai ya durƙusa ya gaishe shi. Wani lokaci har yakan ce wa abokansa, "Ga Baban da ya raga mini. Da wani ne da tuni na mutu."

Maharazu yakan amsa gaisuwar, ya sa masa albarka. Mutumin da ya saba kallon hannun mutane, idan Naziru ne a gabansa ba ya kallon hannu. Idonsa maɓallin nan na biyu yake zuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goga makulli.