Darbejiyar Umma a Ƙwaryar Anti Sujata

Wata Asabar ce a ƙarshen watan Maris, ina 'yar shekara tara, ƙanƙara ta fara narkewa a bakin titunan unguwarmu ta Bronx. Ina share gaban ƙofarmu a hawa na uku, sai na lura ƙofar Anti Sujata fayau take. Babu ganyen mangwaro a samanta, babu zanen garin shinkafa a ƙasa. Kai, abin ya dame ni! Duk shekara war haka maƙwabciyarmu Ba'indiya kan yi bikin sabuwar shekararsu, Ugadi, mu yaran bene mu yi ta tsallake zanenta kamar 'yar gala-gala, tana korarmu tana dariya.

Tun rasuwar mijinta ta rufe ƙofa. Shekarar makoki ta wuce, ba ta buɗe ba. Ta rame, abincin da Umma ke aika ni da shi yakan dawo kusan yadda ya tafi, kuma Umma na tsoron kada baƙin ciki ya kashe ta ita kaɗai a ɗaki. Da ni da Umma muka ƙwanƙwasa ranar, sai ta ce ba za ta yi bikin ba, wai babu furen darbejiya. Marigayin ne ke nemo mata shi a unguwar Queens. Ana haɗa shi da tsamiya, mazarƙwaila, ɗanyen mangwaro, gishiri da barkono, kowa ya lasa da safe, don shekara ma haka take zuwa da ɗanɗano iri-iri.

"Darbejiya kawai?" in ji Umma. "Baiwar Allah, ai da kin faɗa!"

Ta koma ta ɗauko ƙullin nan da na tsana, busasshen ganye da fure da Kaka ke aiko mana daga Kano saboda zazzaɓi. Ni da nake ɓuya a bayan firiji in an dafa shi, ga wata ta rungume shi tana kuka! Muka sauka Fordham Road muka nemo mangwaro ɗanye shar. Anti Sujata ta zauna tana yanka, ni ina jiƙa tsamiya. Kafin ta kai ƙwaryar haɗin gaban abin bautarta, sai ta ɗebi namu ta ajiye gefe, don ta san Umma ba za ta ci wanda aka miƙa ba. Ba wanda ya ce mata ta yi hakan.

Na lasa na yamutsa fuska, na nemi in tofar. Anti Sujata ta riƙe haɓata ta ce, "Haɗiye duka, 'yata. Ba a tsince ɗacin." Ita ma ta haɗiye nata, sannan ta ce yunwa take ji. Ranar ta cinye tuwon Umma tas.

Yanzu ana odar furen ta waya, ya iso har ƙofa, kuma baƙi ne a ɗakinta da ko sunansu ban sani ba. Anti Sujata tana wurin jikokinta a New Jersey, ta tsufa tukuf, ina kewarta ƙwarai. Amma duk ƙarshen sanyi sai ta kira Umma ta tambayi ƙullinta, ta ce na waya ba shi da ɗaci. Har yau ni ke kai mata, kuma har yau takan ware namu tukuna.