Nata'ala Mai Jakai da Soron Alhaji Ƙasimu

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Maris, 1955, da hantsi, na fara ganin Nata'ala mai jakai. Ina akawu a ofishin safiyo, ya shigo da jar ƙasa har gwiwa, ya durƙusa ya gai da Malam Salihu, wanda aka ɗora wa awon sabon titin mota da za a yanka daga wajen Ƙofar Mazugal zuwa cikin gari. Ya ce ba ƙara ya kawo ba, gyara ya kawo: an rubuta wa unguwarsu lungu a inda hanya take.

A lokacin ya ba hamsin baya. Jakai huɗu gare shi, sana'arsa ɗebo ƙasa daga kududdufi ya kai wa magina. Malam Salihu ya tambaye shi cikin raha mene ne bambancin, tunda duk ƙafa ke taka su.

"Allah gafarta Malam, ba ɗaya ba ne," in ji Nata'ala. "Lungu in ka shige shi gidan wani za ka, sai an tambaye ka wa kake nema. Hanya kuwa baki biyu gare ta, jaki ya wuce da mangala cike, makara ta wuce, ba ruwan kowa da ɗan wane ne kai. Burtali na shanu ne, yana bayan ganuwa. Titi naku ne, ku da mota. Ni dai a bakin hanya aka haife ni, da rana tsaka aka mai da ni ɗan lungu."

Ga yadda abin ya faru. Gidan da ya gada yana tsakiyar wata hanya mai baki biyu. Bakin arewa yalwatacce ne, ya fuskanci ƙofar gari. Na kudu matsattse ne, da wata karkata wadda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. A shekarar 1951 Alhaji Ƙasimu, wani attajirin goro, ya sayi gidaje biyun da ke harabar bakin arewa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya kira Nata'ala ya ce ya kawo masa ƙasa, gyara zai yi. Wata guda cur jakai suna jigila, Nata'ala yana murnar samun aiki a ƙofar gida. Sai da tubali ya bushe, magina suka fara jera shi a tsakiyar hanya, sannan ya gane abin da ya ɗebo. Alhaji ya haɗe gidajen da ƙaton soro, ya toshe hanya da ƙasar da Nata'ala ya kawo da hannunsa. Aka kai magana gun mai unguwa, ya ce ai dama lungu ne. Goron Alhaji kuwa bai yanke a zauren mai unguwar ba duk shekarar.

Nata'ala ya haƙura. Jakansa ba sa iya bin karkatar kudu da kaya, sai ya koma ɗaure su a gidan wani abokinsa.

Da damina ta zagayo, mahaifiyarsa Baraka ta rasu. Aka yi mata sutura, aka ɗora a makara, makara ta zo karkata ta ƙi juyawa. Nata'ala ya tafi da kansa wurin Alhaji, ya cire hula, ya roƙi a buɗe ƙofofin soron biyu gawa ta wuce. Dattawan unguwar kuwa suna da magana tun kaka da kakanni, cewa inda makara ta bi ya zama na jama'a. Alhaji ya san da wannan. Ya ce, "Allah ya ji ƙanta, amma gidana ba hanya ba ne."

Sai sauke tsohuwa aka yi daga makara, mutum uku suka tallabe ta a tsaye suka ratsa karkatar da ita. Nata'ala yana riƙe da ƙafafu, yana jin likkafani yana gogar bango. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Tun daga ranar kullum sai ya gai da Alhaji har ƙasa, ya wuce. Mutane suka ce ya yafe. Bai yafe ba, jira yake.

Abin da ya kawo shi ofis shi ne ya ji daga bakin leburori cewa ƙa'idar awon ita ce titi ya bi tsohuwar hanya duk inda aka same ta, kuma wanda ya yi gini a kanta ba shi da diyya. Malam Salihu ya ce masa baki ba ya isa, sai shaida.

"Ku zo ku ɗaga kai kawai," in ji Nata'ala.

Ranar Laraba aka je, da mai unguwa da dattawa. Alhaji Ƙasimu ya fito cikin babbar riga, ya dubi Nata'ala ya yi dariya.

"Kai, mai jakai, yaushe ka zama safiyo? Ko jakan ne suka koya maka?"

"Su ne, Alhaji. Jaki ba ya manta hanyar gida, ko an gina masa soro."

Ya ja Malam Salihu zuwa tsakar gidan da ke bayan soron, ya nuna masa saman bangon gabas da na yamma. Tsofaffin indararo huɗu, biyu ta nan biyu ta can, duk sun juyo baki wuri ɗaya, ƙarƙashinsu ruwan shekaru ya ci bango ya yi kwari.

"Malam, kai ɗan birni ne. Lokacin da gidajen nan suke na mutum biyu, wa zai juya indararonsa ya zuba wa maƙwabci ruwa a ɗaka? Indararo hanya yake kallo. Sannan a kankare jikin soron nan. Gidajen farar ƙasa ne, shi kuwa jar ƙasa ce ta kududdufin gindin Dala. Ni na ɗebo ta."

Aka kankare da wuƙa, ja ta bayyana. Wani dattijo mai suna Baffa, wanda ya yi shiru shekara huɗu, ya yi gyaran murya ya ce a nan aka fita da gawar mahaifinsa. Mai unguwa ya shiga duban ƙasa.

Malam Salihu ya kira Nata'ala gefe. "Baba, ka san faɗin titi ƙafa arba'in ne? Ba soron kaɗai zai ci ba. Gidanka na ciki, har ɗakin tsohuwarka."

"Na auna tun kafin in zo muku."

"To, ka yarda?"

"Ɗakin wadda aka fitar a tsaye? A rushe."

Bayan sati biyu aka shafa jan fenti, alamar rushewa, a gidaje goma sha ɗaya. Alhaji ya aiko a roƙi Nata'ala ya janye maganarsa, zai huda masa ƙofa a soron, jaki da kaya ya wuce. Nata'ala ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaya masa na gode, amma gidansa ba hanya ba ne."

An rushe soron ranar tara ga watan Mayu. Nata'ala ya roƙi a bar masa kwasar ɓaraguzan, bai nemi lada ba. Kwana goma sha biyu yana lodin jar ƙasar a mangala, yana bi da jakai ta gaban Alhaji, yana gaishe shi har ƙasa, yana mai da ita kududdufin da ya ɗebo ta.

Maƙwabtan da aka tasa an ba su filaye a Gwammaja, shi ma an ba shi. Yawancinsu ba su ƙara yi masa magana ba, matarsa Luba ma ta daɗe tana cewa ya sayar da gidan gado don ya huce. Alhaji Ƙasimu ya zauna a rabin gida, mota na wucewa ta inda soronsa yake. Nata'ala ya ci gaba da ɗibar ƙasa har ƙafa ta gaza. Ya rasu a watan Nuwamba, 1959, kuma ta titin aka bi da makararsa.