Allon da Yuleidis Ta Bari

A unguwar Santa Lucía ta birnin Maracaibo, in ka tambayi gidan Doña Zenaida mai ɗinki, kowa zai nuna maka ƙofar. Tun tana budurwa take kan keke, kayan makarantar rabin yaran unguwa daga hannunta suka fito. Mijinta Nerio masunci ne, ciwon suga ya ɗauke shi, ya bar ta da 'ya tilo, Yuleidis, wadda ko a layin sayen gas sai ka gan ta da littafi.

Da littattafai suka gagari talaka, wata 'yar'uwa ta aiko wa Yuleidis allon karatu na hannu, irin mai arahar nan da in ka ajiye shi sai talla ta rufe fuskarsa. Yuleidis takan yi tsaki ta kife shi, ta ce ya fi dillalan kasuwa naci.

Shekarar da matasan unguwa suka yi ta ficewa, ita ma ta haɗa jakarta, za ta ratsa dajin Darién da ƙafa zuwa ƙasar Panama kamar kowa. Allon kuwa ta bar wa uwarta.

"Mama, littafin da nake karantawa yana nan, yana kuma cikin wayata. Duk inda na kai, allon zai tambaye ki ko za ki tsallako shafina. Ko ban kira ba, kin san ina nan."

"Ni da karatuna kamar tafiyar kunkuru?"

"To ai sai ki biyo ni a hankali."

Haka kuwa aka yi. Kullum da hantsi, in an kawo wuta, Zenaida takan matsa jikin katangar maƙwabta inda intanet ɗinsu ke kamawa, ta share tallar da ɗan yatsa, tambayar ta fito. Yarinyar ta ƙara shafi biyu, ta ƙara biyar. Daga garin bakin teku inda ake shiga kwalekwale zuwa bakin dajin ta kira, muryarta garau. Daga nan shafin ya tsaya.

Aka ce mata daji ne, ba sabis, ta yi haƙuri. Abokan tafiyar suka ɓulla a Panama ɗaya bayan ɗaya. Wani a cikinsu ya ce kogi ne ya ciko ya raba su. Bai ga ta faɗa ba, bai kuma ga ta haye ba.

Talla dai ba ta fasa zuwa ba. Yau mace tana dariya a bakin teku, gobe littafin yadda uwa za ta shaƙu da 'yarta. Kafin Zenaida ta kai ga abin da take nema, dole sai ta haɗa ido da su. Ran nan ta ɗauko allon, sai ga hoton bangon wani littafi: budurwa ta juya baya, tana tsaye a bakin ruwa, gashinta a ɗaure yadda Yuleidis ke ɗaure nata. Allon ya suɓuce daga hannunta. Ranar ko zare ta kasa sa wa allura.

Washegari ta nufi kasuwar Las Pulgas, wajen Eudomar mai gyaran waya, wanda ita ta ɗinka masa wandon makarantarsa na fari.

"Doña, ke ce da kanki? Ko kin gaji da keken, za ki koyi sana'ata?"

"Rufe min baki, ɗan nema. Waɗannan mutanen na talla nake so ka kora min."

Ya jujjuya allon. Ya ce kamfanin da ya ƙera shi yana cire tallar in an biya, amma sai da lambar sirrin mai asusun. Ko ya wanke shi tas, komai ya tafi. Ko kuma ta danna alamar jirgin saman nan, allon ya daina jin duniya, tallar ta bushe da kanta.

"Ita ce mafi sauƙi. Amma fa, Doña, in kin rufe ƙofa saboda ƙuda, baƙo ma ba zai shigo ba."

Ta karɓi abinta ta sa a jaka. A gida ta samo ƙyallen shuɗi mai kauri ta ɗinka masa riga mai murfi. Ta koyi zura yatsa ta ƙarƙashin murfin ta share tallar kafin ta buɗe. Duk da haka takan ji suna nan a ƙarƙashin ƙyallen, suna ta murmushinsu.

Damina ta wuce, wata ta shigo. Wani hantsi ta ɗaga murfin, sai ga tambayar. An kai shafin ƙarshe na littafin.

Ihun da ta yi ya fito da maƙwabciyarta Ligia da hannu duk ƙullun masara. Ligia ta rungume ta tana kuka, tana cewa a kunna kyandir a coci. Zenaida kuwa murnarta ba ta daɗe ba. Yuleidis ba ta taɓa cinye rabin littafi a zama ɗaya ba, kuma wanda ya samu sabis ɗin karatu ai ya samu na kiran uwarsa.

Ta koma wa Eudomar. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Zai iya zama ita. Zai iya zama wanda ya tsinci wayar, ko yaronsa yana wasa da ita. Allon bai san yatsan wa ba ne."

Ba ta tsallaka zuwa shafin ba, ba ta kuma danna jirgin ba. Kira bai zo ba har yau. Ta kai sunan Yuleidis da hotonta wajen masu neman waɗanda suka ɓata a hanya, suka rubuta, suka ce za su nemi yarinyar.

Tana nan kan kekenta, idon ya fara rauni amma hannun bai manta ba. Har yanzu matasa sukan kawo mata wando a rage ko jaka a ƙarfafa mata hannu, da ta ga irin jakar ta san inda aka dosa. Ba ta hana kowa, ba ta yi wa kowa wa'azi. Sai dai ta tambayi lambar wayar uwar mutum, ta ɗinke ta da jan zare a cikin ƙugun wandon, ta ninke ta miƙa masa.