Kifin da Baba ya saki a Bosniya

Sallar asuba ma a filin jirgi muka yi ta, don tun da duhu Baba ya kwaso mu daga unguwarmu ta Suwaidi a Riyad, kamar kifin Bosniya zai gudu ya bar ƙasar. Umma ta cusa kwalbar yaji da kaskon suya a akwati. Ni kuwa na bi su ne don in ga ƙarshen cika baki. Tun ina rarrafe nake jin Baba yana cewa shi ɗan masunta ne daga Yawuri, wai Kaka, mahaifinsa, ya taɓa kama giwan ruwa da ya fi firjinmu tsawo. Amma ni ruwan da na taɓa ganin Baba ya shiga shi ne na wanka.

Daga Sarayebo muka hau mota zuwa kogin Una. Hanya duk kwana-kwana, kore ta ko'ina har idona ya fara ciwo, mu 'yan Riyad ba mu saba ba. Muka tsaya cin wani mulmulallen nama a cikin burodi, ya fi shawarmar unguwarmu araha. Na ci har Umma ta ce in ji kunyar jama'a.

Kogin faɗi gare shi, ruwa garai-garai, sanyi kamar an narkar da ƙanƙara. Jagoranmu, wani dogo mai jan gemu, ya ba mu wandon roba har ƙirji da siririyar sanda. Ba tana, ba raga. Wai ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa, na gashin tsuntsu da zare, a wulwula igiya a sama, a sauke shi a hankali kan ruwa, kifin da suke kira tiraut ya zaci abinci ne.

Baba ya wulwula igiya, ya kamo hularsa. Ya kamo reshen bishiya. Ya kamo ni. Na yi dariya har na kusa zama cikin ruwa. Bayan azahar na lura ya daina murmushi. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Aikin asibiti ya cinye hannun nan. Da mahaifina yana raye, da ya yi mini dariya." Tun rasuwar Kaka bai sake taka Yawuri ba. Nan dariyata ta tsaya.

Ya kalli ruwa, sannan ya jefa igiya bayan wani dutse. Sanda ta lanƙwashe! Kifi ya fito, mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo. Umma a bakin kogi har ta kunna ɗan murhun gas ɗin da ta aro. Ta ce, "Yalla, maza Likita, kawo shi, mai ya yi zafi!"

Sai jagora ya ce a nan ba a tafiya da kifi, mayar da shi ake yi. Baba ya dube shi baki buɗe. "A Yawuri in ka saki kifi, addu'a za a fara yi maka," in ji shi. Amma ya durƙusa, ya riƙe shi cikin ruwa da hannu biyu, ya jima yana kallonsa, idonsa ya cika. Ya buɗe hannu.

Mun dawo Riyad, zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi, yajin Umma ko buɗe shi ba a yi ba. Abin da na gane shi ne, duk labarin nan na Baba kewar gida ce. Shekaranjiya ya ce hutu mai zuwa Yawuri za mu. Na ce zan tafi da abin awo saboda giwan ruwan nan. Umma ta ce ita da kaskonta za ta, a can dai ba mai hana ta suya.