Tsohuwar Kwamfutar Kawu

Jiya a wani shagon buga takardu a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi na ji gurnanin fankar wata tsohuwar kwamfuta, sak irin ta Kawuna, yayan mahaifiyata, da ya rasu bara a Argungu.

Tasa a zaure take, lulluɓe da zanen gado, kullum cikin warin albasar da ake jibgewa a gefenta. Ranar da burauzarta, wato manhajar shiga intanet, ta daina buɗe shafuka, ya kirawo ni daga Birnin Kebbi. Na ce masa ya haƙura da kwamfutar, an daina sabunta ta, ɓarayin intanet na iya shigowa ta nan.

"Wanga zance naka bai yi ba," in ji shi. "Masuntanmu in jirginsu ya tsufa, liƙe shi suke yi, su riƙa bin gefen gulbi. Kai dai rage mata kaya."

Na sa mata ƙaramar burauza marar nauyi, na toshe tallace-tallace. Daga nan tafsiri da hasashen damina kawai yake karantawa. Banki kuwa, da ƙafarsa yake zuwa.

Ita kwamfutar tana nan, har yau tana tashi. Allah Ya rage masa kaya shi ma, Ya ƙetarar da shi lafiya.